Da me za a toshe kafofin katangar wuta a jirgin sama haɗin gida?

Sabon Maƙeri
Assalamu alaikum jama'a. Aikin jirgina mai kujera biyu ya kai wurin katangar wuta, farantin ƙarfen nan da ke raba inji da mazaunin matuƙi. Ta sitenlas ce, an riga an buga mata ribit a kan firam na alminiyam. Abin da ya rage shi ne kafofi: kebul ɗin totur, wayoyin lantarki, bututun mai, akwatin hita, da 'yan tsagogin kusurwa inda ƙarfen ya lanƙwashe. Ina da ragowar gam ɗin da na liƙe tankin mai da shi, ina kuma da jan silikon mai jure zafi irin na gaskit. Wanne ya dace? Ko dole sai na nemo wani daban? Manyanmu a taimaka.

Matuƙin Asabar
Wa alaikumus salam. Sa jan silikon ka wuce wurin, ɗan'uwa. Shi ke jikin nawa jirgin shekara da shekaru, ban taɓa jin warin inji a ciki ba, bai ɓare ba, bai tsage ba. Mutane suna son tsawwala wa kansu ne kawai.

Tsohon Bakanike
Matuƙi, jirginka bai taɓa kamawa da wuta ba, Allah ya ci gaba da kiyayewa, saboda haka silikon ɗinka rabin aikinsa kawai ka gani. Abin toshe katanga aiki biyu yake yi. Na kullum shi ne hana hayaƙi da tururin mai shiga wurin mutane. Na biyu kuwa na rana ɗaya ne, ranar da ba a fata.

Yaro, juya bututun jan silikon ɗin ka karanta bayansa. Galibinsu za ka ga digiri 260 na Selsiyos a kai a kai, 315 zuwa 340 na ɗan lokaci. To ma'aunin da hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta gindaya wa katangar wuta a tsohon sashe na 23.1191 shi ne harshen wuta mai zafin digiri 2,000 na Farenhait, kusan 1,100 ke nan na Selsiyos, na tsawon minti 15 ba tare da ya huda ba. A sashen ne aka jera ƙarafan da aka yarda da su ba sai an gwada ba: sitenlas mai kaurin inci 0.015, taitaniyam 0.016, baƙin ƙarfe mai rufi 0.018, monel (gaurayen nikel da tagulla) shi ma 0.018. Ba za ka ga alminiyam a jerin ba, domin shi a 660 yake narkewa.

Gam ɗin tanki kuma ka bar shi a tanki. An yi shi ne don ya zauna cikin fetur, juriyarsa ba ta wuce wajen digiri 120 ba, kuma idan ya kama yana fitar da baƙin hayaƙi mai warin farar wuta.

Matuƙin Asabar
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja a wuri biyu. Wannan doka ta jiragen kamfani ce. Jirgin da mutum ya haɗa da hannunsa a Amurka rajistar gwaji ake yi masa, ba ya ƙarƙashinta. Sannan 260 ɗin da ka faɗa iyakar inda silikon ke zama roba ce, ba inda yake ɓacewa ba. Idan ya ƙone farin toka yake zama mai kama da yashi, tokan kuma ba ya ci da wuta. Ai abin da ake sayarwa da sunan na jirgin sama ma da yawansu silikon ne.

Tsohon Bakanike
Gaskiya ne dokar ba ta hau kansa ba. Fetur ɗin da ke jirgin kamfani kuwa shi ne a nasa, kuma zafin ƙunarsa ɗaya ne. Ni ma'auni na ɗauko, ba sammaci ba.

Mai Tocila
Bari in shigo, tunda ni gwaji na yi a filin bayan shago. Na yanka 'yan farantan sitenlas daga ragowar katangata, na huda kowanne, na toshe da abubuwa daban-daban, na bar su suka bushe sosai, sannan na kafa masu wutar tocilar gas daga gefe ɗaya ina kallon ɗaya gefen.

Maganar Matuƙi ta toka gaskiya ce, amma ga abin da bai faɗa ba. Sitenlas siriri ne, cikin daƙiƙu kaɗan yake yin ja jawur. Wutar ba ta buƙatar ta bi ta kafa. Duk abin da ke manne a bayan farantin yana gasuwa, ya fitar da tururi, tururin ya kama da kansa. Jan silikon da na shafa a bayan faranti, wato ɓangaren matuƙi ke nan, ya yi harshen wuta alhali wutar tocila ba ta taɓa shi ba. Gam ɗin tanki ya fi muni, na ja da baya saboda hayaƙin. Wanda ke gefen wuta kuwa ya zama toka kamar yadda aka ce, sai dai da na ɗan ƙwanƙwasa farantin sai ya zube. Ku tuna a sama inji na jijjiga, iska kuma na kaɗawa a cikin murfin.

Abin da na ɗauka daga nan: gefen da ka shafa ya fi sunan abin da ka shafa muhimmanci. Komai ya tsaya a ɓangaren inji. Wanda ya matso ta ciki a goge shi tas tun yana ɗanye.

Sabon Maƙeri
Ikon Allah. Ni da niyyata in shafa ta ciki, don ya fi sauƙin kaiwa kuma ba zai ɓata kyan gaban ba. Yaya Mai Tocila, wanne ya fi yin abin kirki a gwajin naka?

Mai Tocila
Silikon ɗin hana wuta na gine-gine da wanda aka yi musamman don katangar jirgi. Su biyun sun bar ɓawo mai tauri wanda ya riƙe kafar. Amma kar ka ɗauki tocilar hannu a matsayin shaidar ƙarshe. Harshenta ƙarami ne, wuri ɗaya take gasawa, sauran farantin na zuƙe zafin. A gwajin hukuma faranti mai faɗin wajen inci 10 ake sa wa babban harshe. Nawa gwajin ya isa ya nuna maka wanda ya faɗi, bai isa ya tabbatar maka da wanda ya ci ba.

Mai Wayoyi
Sannunku da muhawara. Ƙanena Sabon Maƙeri, kafin ka zaɓi gam, duba girman ramukan tukuna. Inda na fi ganin ɓarna a jiragen da ake kawo mini in duba wayoyinsu shi ne a huda rami mai faɗi, a sa zoben roba, a zura wayoyi ashirin, a cika sauran da silikon har ya yi tudu. Rigar wayoyin za ta ƙone, zoben roba zai narke, tudun ya faɗo, a bar ka da taga a gaban gwiwarka.

Ƙarfe ne ke tsayar da wuta. Gam cike 'yar tsaga kawai yake yi, wadda ba ta wuce kaurin farce ko ashana ba. Ga yadda nake yi wa wayoyi: gajeren bututun sitenlas mai faffaɗan gindi, a ɗaure gindin a katanga da sukurorin ƙarfe, bakin bututun na kallon inji. A naɗe wayoyin da rigar wuta, wato tiyon nan mai ruwan lemo na zaren gilas da aka lulluɓe da silikon, a cusa cikin bututun har ya matse. A sake sa wata rigar a waje ta rufe bututun da wayoyin tare, a ɗaure da maɗaurin sitenlas a wuri biyu. Gam sai a ƙarƙashin gindin da kuma ɗan kaɗan a bakin rigar don kar ta sha mai. Idan dole sai zoben roba, a rufe shi da garkuwar sitenlas mai ɓari biyu.

Wani abu kuma game da jan silikon. Buɗe shi ka sansana. In ka ji tsami mai hawa hanci, irin mai fitar da asid ne yayin bushewa, kuma yana cin tagulla da alminiyam. Ba na yarda ya kusanci kan waya.

Matuƙin Asabar
Anti, akwai jan silikon marar asid ai, wanda ake cewa ba ya lalata sensa.

Mai Wayoyi
Akwai, kuma ya fi. Ya warware maganar tsatsa, bai warware maganar Mai Tocila ba.

Mai Leƙe
Don Allah a faɗi sunaye mana. Mu da muke koyo ba mu san abin da za mu nema ba.

Tsohon Bakanike
To. Na jirgin sama akwai Flamemaster CS 1900 da P/S 700 na kamfanin PPG, dukansu kashi biyu ne da ake kwaɓawa. Akwai Dapco 2100, shi silikon ne. Lambobin da za ka nema a takardar bayani su ne AMS 3374 ko tsohuwar MIL-S-38249. Suna da wa'adin lalacewa, saboda haka kar ka saya sai ramukanka duk sun kammala, ka yi aikin a zama ɗaya. Masu kashi biyun in ka kwaɓa, agogo ya fara tafiya.

Na gine-gine da masu haɗa jirgi suka fi ɗauka shi ne 3M Fire Barrier 2000+. Silikon ne, a bututu yake zuwa, da bindigar matsawa ake sa shi.

Ɗan Faiba
A nan a kula sosai, domin kamfanin ɗaya yana da wani mai suna CP 25WB+, ja ne, kuma ba iri ɗaya ba ne. Wannan mai ruwa ne, irin mai kumbura in ya ji wuta. A gini dabara ce mai kyau: bututun roba ya narke a cikin bango, abin ya kumbura ya cike gurbin, kankare na riƙe da shi ta kowane gefe. Katangarmu kuwa ba ta kai rabin milimita ba. Me zai riƙe kumburin? Kumfar gawayi ce mara ƙarfi, iska za ta share ta. Ga shi kuma ba a yi shi don zama cikin man inji da jijjiga ba.

Matuƙin Asabar
Yawwa, kun zo inda nake jira. In dai takarda ce hujja, shi ma 2000+ ɗin gwajin gini aka yi masa, na bango da dakali, ba na jirgi ba. Me ya sa kuka karɓe shi kuka ƙi nawa? Kowa dai zato yake yi.

Tsohon Bakanike
Wannan ja ne mai ma'ana, na karɓa. An gwada 2000+ ɗin a wuta, ko da ba irin tamu ba ce. Naka ba a gwada shi a kowace wuta ba, gaskit aka yi shi dominsa. Tazarar ke nan. Wanda yake son takarda da ta ambaci jirgi, ya sayi mai AMS 3374 ya huta. Ni a jirgin da zan sa hannu a kansa shi nake sawa. Wanda ya sa na ginin, siriri, a gefen inji, a bayan ƙarfe, ba zan hana shi barci ba.

Mai Leƙe
Simintin murhu fa? An ce yana jure sama da digiri dubu.

Mai Tocila
Yana jurewa, amma tauri yake yi kamar dutse. Katanga tana motsi kullum, kafin wata 'yan awoyi na tashi zai tsattsage ya zube, ka rasa aikin kullum ɗin da Baba ya faɗa.

Mai Wayoyi
Aikin kullum ɗin nan ma kar a raina shi, mun tsaya a wuta kawai. Gobarar inji a sama ba kasafai ake yi ba, amma hayaƙin salansa kowace tafiya yana nan. Iskar da ke cikin murfin inji sau da yawa ta fi ta mazaunin matuƙi matsi, don haka duk 'yar kafa ciki take hurawa. Kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙin, ba shi da wari ba shi da launi, kuma jini ya fi kama shi a kan iskar numfashi fiye da sau 200. Ku tuna ɗan ƙwallon nan Emiliano Sala da ƙaramin jirginsu ya faɗa tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila a Janairun 2019. Masu bincike na Birtaniya sun samu kashi 58 cikin 100 na gubar a jininsa.

Matuƙin Asabar
Allah ya kiyaye. Amma Anti, a wancan rahoton ta hanyar hita aka fi zaton hayaƙin ya shiga, daga lalacewar salansa. Ba gam ne ya gaza ba.

Mai Wayoyi
Haka ne, kuma shi ya sa na kawo shi. Hita, wadda ke ɗebo ɗumi daga jikin salansa, ita ce rami mafi girma a katangar yawancinmu, tiyo mai inci 2. Ko ka toshe kowace tsaga da abu mafi kyau a duniya, wannan ƙofa tana nan. A sa na'urar gano gubar mai ƙara a kunne, a riƙa buɗe rigar hita ana duba salansa a binciken shekara.

Tsohon Bakanike
Hajiya ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Yaro, akwatin hitar taka da me aka yi shi?

Sabon Maƙeri
Baba, alminiyam ne. Da shi kayan suka zo.

Tsohon Bakanike
Canza shi da na sitenlas, akwatin da murfinsa duka. Mutum ya zauna yana auna wane gam zai sa a tsagar milimita ɗaya, ga rami mai inci 2 da zai buɗe cikin ƙanƙanin lokaci, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Haka mahaɗin bututun mai da ke ratsa katanga: na AN, wato ma'aunin kayan jirgin sama, mai launin shuɗi alminiyam ne, lambarsa na ƙarewa da harafin D. Nemi na ƙarfe. Shi ba ya buƙatar gam, washa da noti ne ke matse shi, kuma silikon kumbura yake yi in ya jiƙu da fetur. Kebul ɗin totur ma akwai maƙallin nan mai ƙwallo a tsakiya da ke barin kebul ya shiga a karkace, shi ma ana yin sa da alminiyam ana yin sa da ƙarfe. Ka san wanda za ka ɗauka.

Noti mai roba a ciki kuma ba wurinsa ba ne, iyakarsa wajen digiri 120. Mai kulle na ƙarfe zalla ake sawa a gaban katanga.

Ɗan Faiba
Mu masu jirgin faiba tamu matsalar daban ce, amma za ta amfane ku. Katangarmu katako ce da faiba, irin ta jirgin Long-EZ, don haka ba ma jiran ƙarfe kaɗai. Muna shimfiɗa bargon zaren yumɓu, wanda aka fi sani da Fiberfrax, mai jure wajen digiri 1,260, sannan a rufe shi da siririn ƙarfe ta gefen inji. Masu jirgin alminiyam da yawa yanzu suna kwaikwayon haka a gaban sitenlas ɗinsu, da lulluɓin sitenlas mai kamar takarda. Amfaninsa shi ne katangar ba ta saurin yin ja, abin da Mai Tocila ya gani ya jinkirta.

Amma a gaba fa, ba a ciki ba. Na ga masu manna soso ko bargo mai gam a ɓangaren matuƙi don rage ƙara da zafin ƙafa. Ko zaren yumɓun kansa yana da ɗan gam da ke riƙe shi, yana hayaƙi in ya gasu. Sannan in za ka yanka shi ka sa takunkumi, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. A toshe gefunansa kuma don kar ya sha mai ya zama lagwani.

Matuƙin Asabar
To wannan kam na yarda da shi ba ja. Maganar soso a ciki gaskiya ce. Amma ƙarin nauyi fa? Kowa a nan sai ƙara wa hancin jirgi kaya yake yi.

Ɗan Faiba
Auna ka gani, sannan ka sake lissafin daidaiton nauyi. Bargon ba shi da nauyi, lulluɓin ne ke ɗan ƙarawa.

Sabon Maƙeri
Na gode ƙwarai. Yaya ake shafawar don ya kama? Na ji an ce ba kowane abu ke manne wa sitenlas ba.

Mai Tocila
Tsabta ce sirrin. Ɗan goga wurin da soson goge ƙarfe marar baƙin ƙarfe a ciki, ka share da asiton, ka canza tsumma har ya daina baƙi. Karanta takardar ko yana son a fara shafa maganin share fage kafin shi, wasu suna so wasu ba sa so. Sa shi tsakanin ƙarfe da ƙarfe kafin ka ɗaure, ya zama an matse shi, ba a liƙa daga baya ba. Silikon mai kashi ɗaya da danshin iska yake bushewa daga waje zuwa ciki, in ya yi kauri sai ya ɗauki kwanaki, kar ka tayar da inji a kansa yana ɗanye.

In ka gama, jira dare, ka sa fitila mai haske a gefen inji, ka shiga ciki ka kwanta ka leƙa ƙarƙashin allon agogo. Duk inda ka ga ɗigon haske kafa ce. Kusurwoyin sama da gindin ƙafafun inji su suka fi ɓoye su.

Mai Leƙe
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Tunda alminiyam na narkewa, ribit ɗin da ya riƙe katangar gaba ɗaya fa? Ai shi ma alminiyam ne.

Matuƙin Asabar
Madalla da wannan tambaya. Baba, bismillah.

Tsohon Bakanike
Kana dariya ne, na sani. Eh, alminiyam ne, kuma gaurayen da ake ribit da shi yana fara sakin jiki tun kafin 660. Sai dai suna da yawa, jikinsu na manne da firam mai janye zafi, wuta kuma galibi ɓangare ɗaya take ci, musamman ƙasa inda iska ke fita. Wasu su tafi, sauran su riƙe. Ban ce a cire su ba, canza ribit ɗin gini ba tare da tambayar mai zanen jirgin ba wani haɗarin ne. Inda nake dagewa shi ne ƙananan abubuwan da ribit biyu ko uku kawai ke riƙe da su, kamar facin tsohon rami ko gindin bututun wayoyi. Nan a sa monel ko sukurun ƙarfe.

Mai Wayoyi
Baba, a ƙara da ƙasan jirgin da ke bayan mafitar iska. Katangar na iya tsayawa, wutar ta bi ƙasa ta lashi alminiyam ɗin da ke ƙarƙashin ƙafafu. Wasu suna rufe wannan yankin da bargon da sitenlas su ma.

Ɗan Faiba
Ina da hotunan yadda aka yi wa wani, zan ɗora anjima. Sabon Maƙeri, kai ma turo hoton ƙasan katangarka da inda bututun mai ya ratsa, mu ga tazararsa da salansa kafin ka huda sauran.